Hostal, Haya ko Gidan Kawu: Ina Ya Fi Dacewa Ɗalibi Ya Zauna a Jami'o'in Karkara?

Idan sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu suka fito, murnar gida ba ta daɗewa sai a koma lissafi. Kuɗin rajista an san shi, yana rubuce a takarda. Abin da ba a rubuta ba shi ne inda yaro zai riƙa kwana, da waɗanda zai kwana da su, da tukunyar da zai ci daga cikinta. Ɗan birnin Kano da ya samu karatu a cikin birni sau da yawa daga gida zai riƙa zuwa. Wanda ya samu Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Wudil, wadda ta fara aiki a 2001 kuma aka sa mata sunan Aliko Ɗangote a 2022, ko Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa da aka kafa a 2013, ko ta Fasaha ta Ɓaɓura da ta zo a 2021, shi nasa lissafin daban ne. Garuruwa ne na manoma da 'yan kasuwa, ba a gina su don ɗaukar dubban baƙi ba. Ko Dutse da take babban birnin jiha, tun da Jami'ar Tarayya ta zo a 2011 ɗalibai suke bazuwa unguwannin gefen gari suna neman ɗaki.

Hanyoyin da ke gaban ɗalibi huɗu ne: hostal ɗin makaranta, haɗa kuɗi da abokai a kama haya a gari, zama a gidan ɗan'uwa, ko zuwa kullum daga gida. Duk cikinsu zama da mutane ne, kuma halin mutanen nan ya fi kuɗin ɗakin tasiri a kan karatu.

Hostal shi ne mafi arha, kuma ana biyan kuɗinsa ne da shekarar karatu. Aji yana kusa, masallaci yana kusa, ɗakin karatu da asibitin makaranta ma haka. Idan zazzaɓi ya kama ka da tsakar dare, akwai wanda zai riƙa ka zuwa wajen likita da ƙafa. Akwai masu gadi a ƙofa. Galibi makaranta tana da rijiyar burtsatse da tanki, tana kuma ƙoƙarin ba da wuta ko da ta wasu sa'o'i ce da daddare. Wani amfanin da iyaye ba sa gani shi ne labari: an ɗage lakca, an canza aji, malami zai yi gwajin ba-zata gobe da safe, duk a hostal ake fara ji. A nan ne kuma sabon ɗalibi yake haɗuwa da 'yan ajin sama, su ba shi tsofaffin takardun jarrabawa, su gaya masa kwas ɗin da ba a wasa da shi. Yaron da bai taɓa fita daga ƙauyensu ba zai kwana ɗaki ɗaya da ɗan Gumel, da ɗan Kazaure, da Bayarabe, da ɗan Binuwai, ya koyi zama da wanda ba yarensu ɗaya ba ko ba addininsu ɗaya ba. Wannan karatu ne mai zaman kansa, kuma ina ganin bai kamata a raina shi ba.

Sai dai gurbin gado ba ya isa, rububinsa ake yi. Makarantu da yawa suna fifita sababbin ɗalibai da 'yan ajin ƙarshe, na tsakiya su nemi wa kansu mafita. Saboda haka ɗakin da aka tsara wa mutum huɗu sai ka tarar da ninkin haka a ciki, kowa da ɗan raɓensa, ɗan garinsu ne ko abokin sakandare da ba zai iya kora ba. Layin banɗaki da asuba, guga da ke ɓacewa, cajar waya da aka ara ba a dawo da ita ba, kuɗin cizo a katifa, mai kallon ƙwallo a waya da ƙarfe ɗayan dare ba tare da abin kunne ba. Ba kai ka zaɓi mutanen ɗakin ba, kuma idan zaman ya ƙi daɗi ba a cika samun canji ba sai shekara ta zagayo. Akwai dokoki kuma: lokacin rufe ƙofa, hana hita da murhun lantarki, hana baƙo kwana. Wanda yake buƙatar shiru kafin karatu ya zauna masa sai ya saba da tafiya aji da daddare, ya mayar da ɗakin wurin kwana kawai.

Haya a cikin gari ita ce abin da yawancin samari suke mafarki, kuma a nan ne lissafi ya fi yaudarar mutum. Ana kallon kuɗin ɗaki a raba shi gida uku ko huɗu, a ga kamar ya yi daidai da na hostal ko ya ɗan ɗara. Ba a saka la'adar dillali, ba a saka katifa da leda da labule da kwado, ba a saka tukunyar gas ko kurfoti, ba a saka kuɗin wuta da maigida zai zo karɓa duk wata ko an kawo wutar ko ba a kawo ba. Kuma haya da watannin kalanda take tafiya. A 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi yajin aiki daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Ɗaliban da suka biya hayar shekara suka kulle ɗaki suka tafi gida, da suka dawo saura 'yan watanni wa'adinsu ya cika. Wasu masu gidajen sun yi sassauci, wasu kuma sun ce su ba su tafi yajin aiki ba, kuma ba za ka ce ba su da gaskiya ba. Haka aka yi lokacin korona a 2020. Ko ba yajin aiki, watannin hutu ma kai ne kake biyan su.

Kafin ka tambayi kuɗin ɗaki, ka tambayi ruwa. Ina famfon tuƙa-tuƙa mafi kusa? Rijiyar gidan tana ƙafewa da bazara? Idan 'yan garuwa ne suke kawowa, nawa ne jarka a watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura maki 40 kuma kowa yana son wanka sau biyu? Ɗaki mai samari huɗu yana shan ruwa fiye da yadda suke zato, ga wanka, ga wanki, ga alwala, ga girki da wanke-wanke. Gidan da ke da ruwa a tsakar gida, ko da hayarsa ta fi tsada, ya fi mai arhar da sai an sayi kura. Wuta kuwa, a ƙauye ba abin dogaro ba ce. Za ka saba da kai waya shagon caji, kuma wanda kwas ɗinsa yake buƙatar kwamfuta, kamar 'yan injiniya da 'yan kimiyyar kwamfuta, zai tarar da kansa yana kwana a cikin makaranta saboda soket. Ƙaramin sola na fitila da caji, idan an haɗa kuɗi an saya, yana rage wannan wahalar sosai, amma a yi maganar wanda zai tafi da shi ranar rabuwa tun ranar saye.

Sai nisa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin acaɓa da adaidaita sahu ya zama babban layi a lissafin ɗalibi. A ɗauka, don misali kawai, naira 200 ne zuwa, 200 dawowa. Kwana biyar a mako ya zama 2,000, mako talatin na karatu ya zama 60,000. Wannan fa idan sau ɗaya kake zuwa a rana. Ɗakin da ya yi arha don yana can bayan gari ya cinye rarar da ka yi zaton ka samu. Garuruwan nan shimfiɗaɗɗu ne ba tudu, tsohon keke mai lafiya yana biyan kuɗinsa cikin zango ɗaya, kuma ban ga abin kunya a ɗalibin jami'a ya hau keke ba.

Amma inda zaman haya yake tashi ko ya faɗi shi ne tukunya. A farkon zango kowa ya dawo da abin da gida suka iya. Ɗan manomi daga yankin Auyo ko Kura ya zo da shinkafa, wani ya zo da wake da gero, wani da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da kuka da daddawa da busasshen tumatir da innarsa ta ƙulla masa, ɗan ma'aikaci kuma ya zo da kuɗi a asusu. Nan take tambaya ta taso wadda kowa yake jin nauyin yi: tiya biyar ta wake daidai take da naira nawa? Idan ba a yi wannan maganar a fili ba, mai kayan abinci zai riƙa ganin shi ne yake ciyar da ɗakin, mai kuɗi kuma zai riƙa ganin shi ne yake sayen gas da manja da magi da ruwa, kowa yana ƙullace da ɗan'uwansa ba tare da an ce uffan ba. Makonnin farko shinkafa da miya, har da ɗan kifi. Tsakiyar zango garau-garau da taliya da mai da yaji. Gab da jarrabawa, lokacin da jiki ya fi buƙatar abinci, sai garin kwaki da ƙuli-ƙuli. A wannan lokacin ne ake jin, "Mutumina, wa ya ƙarar da man nan?" kuma maganar ba ta tsaya a kan mai ba.

Ga kuma baƙi. Bahaushe ba ya cin abinci a gaban mutum bai ce bismilla ba, kuma wannan tarbiyya ce mai kyau. Amma idan ɗaya daga cikinku yana da abokai uku da kullum ziyararsu take dacewa da sauke tukunya, abincin wata biyu sai ya ƙare a wata ɗaya. Akwai wanda ranar girkinsa kullum yana da lakcar yamma. Akwai wanda zai ci ya bar tukunya ta kwana da ƙanzo. Akwai kuma wanda kuɗinsa ba sa zuwa da wuri don babansa sai ya sayar da amfanin gona, shi kuma kunya ta hana shi faɗa, sai ya riƙa cewa ya ƙoshi. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi ba ni tausayi, kuma ɗakin kirki yana gane shi ba sai ya yi magana ba, a ajiye masa nasa a rufe.

Abin da na ga yana aiki shi ne ƙaramin littafi a ɗaki, a rubuta abin da kowa ya kawo da abin da aka saya, a liƙa ranakun girki da shara da ɗebo ruwa a bayan ƙofa. Wasu suna ganin rubutu tsakanin abokai rashin yarda ne. Zo mu zauna, zo mu saɓa, dole ne; rubutun yana sa saɓanin ya ƙare a minti biyar maimakon ya kai wata. Wasu ɗakunan suna haɗa abincin dare kawai, na safe da na rana kowa ya ji da kansa wajen mai shayi ko mai awara ko mai ɗanwake, kuma wannan tsarin yana rage rigima ƙwarai. Sayen tsaba a ranar kasuwa ma yana taimakawa, Juma'a a Wudil, Litinin a Shuwarin ga 'yan Dutse, maimakon awon gwangwani a kanti kullum. Game da yawa, uku ya fi. Biyu, idan ɗaya ya fita ko kuka ɓata, nauyi ya faɗo kan mutum ɗaya. Daga biyar zuwa sama kuma an dawo hostal, sai dai babu mai gadi babu tanki.

Ribar haya ta gaskiya ce, ba na musunta ta. Kai ka zaɓi mutanenka. Kuna iya cewa daga ƙarfe goma na dare ba kiɗa ba hira. Kayanka suna nan inda ka bar su. Kana koyon riƙe gida, cefane, da zama da maƙwabta. Wanda ya yi sallah a masallacin unguwa, ya gaida dattawan da ke zaune a dakali, ya je jana'iza da suna, cikin 'yan watanni ya zama ɗan gari, har a riƙa aiko masa da ƙunun azumi. Wanda kuma ya shigo da taƙamar shi ɗan jami'a ne, yana kunna kiɗa ana kiran sallah, zai gane cewa ƙauye yana da ido da kunne. Maigida yakan faɗi sharaɗinsa tun ranar farko: "Samari, ni dai ba na son hayaniya, ba na son a shigo mini da mata, kuma ƙarfe goma ina rufe soro." Ka ɗauki maganar da gaske ko ka nemi wani gidan.

Akwai abu uku na lafiya da nake roƙon duk mai haya ya riƙe. Da hunturu kada a kwana da garwashin gawayi a ɗaki a rufe, kuma kada a ajiye janareta a soro ko kusa da taga. Iskar da suke fitarwa ba a ganinta, ba a jin warinta, tana kashe mutum cikin barci. Da bazara cunkoso a ɗaki marar iska yana taimaka wa sanƙarau yaɗuwa, don haka ɗaki mai taga biyu masu fuskantar juna ya fi mai fenti mai kyau. Da damina kuma ginin ƙasa a unguwar kwari haɗari ne. Ruwan 2022 ya rushe gidaje masu yawa a Jigawa. Ka duba gindin bango ko akwai shatin ruwa, ka ɗaga kai ka duba silin, ka tambayi yaran unguwa inda ruwa yake kwanciya. Gidan sauro kuwa ko'ina ka zauna dole ne, balle a garuruwan da ke bakin kogi da fadama irin Wudil da yankin Haɗeja.

Gidan dangi shi ne wanda iyaye suka fi kwanciyar hankali da shi. Kawu zai ce, "Ɗana ne, me zai je yi gidan haya ina raye?" kuma da zuciya ɗaya yake faɗa. Ba haya, ga tuwo mai zafi da daddare, ga wanda zai lura idan ba ka da lafiya ko ka fara bin abokan banza. Ga ɗan talaka wannan na iya zama bambancin yin karatu da rashin yinsa. Sai dai da lokacinka kake biyan kuɗinsa. Kana ɗan gida, aike ya hau kanka. Da damina ba zai yiwu 'ya'yan kawu su tafi gona kai kana kwance da littafi ba, ko ba a ce ka zo ba. Mace kuma girki da wanke-wanke da raino suna jiranta, kuma ba kowace gwaggo ce za ta gane cewa lakcar ƙarfe huɗu zuwa shida gaskiya ce ba. Shagon samari da za a sa ka a ciki wurin hira ne har dare ya raba. Idan saɓani ya faru kuma, ba tsakaninka da abokin ɗaki ya tsaya ba, zumuncin babanka ne ya taɓu. Wanda zai zaɓi wannan hanyar, mahaifinsa ya je da kansa ya zauna da mai gidan, a nuna masa jadawalin karatu, a kuma riƙa aika buhun hatsi lokacin kaka ko da an ce ba a so.

Zuwa daga gida ba shi da dogon bayani. Ɗan Gaya ko Garko da ke karatu a Wudil, ko ɗan Kiyawa da ke Dutse, yana iya gwadawa idan yana da babur. Lakcar ƙarfe takwas, ruwan sama, da kuɗin mai su ne za su yanke hukunci, kuma da yawa suna ƙarewa da raɓewa a ɗakin aboki lokacin jarrabawa.

Ga ƙannena mata, ra'ayina a fili yake: hostal, matuƙar an samu gurbi. Tafiyar dare daga aji zuwa unguwa ba ɗaya ba ce ga mace da namiji, kuma a ƙaramin gari magana tana saurin bin budurwar da ke zaune ba muharrami, ko da ba ta yi komai ba. Wannan ba adalci ba ne, amma yana faruwa, kuma yana cin rai a lokacin da ake buƙatar natsuwa. Idan gurbi bai samu ba, gidan da aka keɓe wa ɗalibai mata zalla, mai katanga da ƙofa da ruwa a ciki, ko ɗaki a cikin gidan iyali inda akwai dattijuwa, ya fi ɗakin da ƙofarsa ke kallon titi. Uba ko yaya ya je ya ga wurin da idonsa, ya gabatar da kansa ga mai unguwa.

Wasu suna sa rancen karatu na NELFUND a lissafi, wanda aka fara a 2024 ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati. Yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye, yana kuma ba da naira 20,000 duk wata na ɗawainiya. Kuɗin wata-wata ne, suna iya riƙe tukunya da ruwa, amma ba za su biya hayar shekara da maigida yake so dunƙule ba. Kuma bashi ne, ana fara biyansa shekara biyu bayan gama hidimar ƙasa.

Idan ƙanena ne ya tambaye ni, zan ce shekarar farko ya yi duk yadda zai yi ya samu hostal, ko da cunkoson zai dame shi. A shekarar nan zai san gari, ya san unguwar da ke da ruwa, ya kuma ga halin mutane da idonsa: wanda yake tashi sallar asuba ba a tashe shi ba, wanda yake mayar da abin da ya ara, wanda yake wanke kwanon da ya ci. Daga cikin waɗannan zai zaɓi mutum biyu su kama ɗaki a shekara ta biyu. Zama ɗan garinku ko abokin sakandare bai isa dalili ba. Ya fi kyau ma a ce ɗaya daga cikinsu kwas ɗinku ɗaya, don jadawalinku ya zo daidai. Wanda gida ba su da halin haya kuma yana da kawu a garin, ya zauna gidan kawun da godiya, ya mayar da ɗakin karatun makaranta wurin yininsa.

Ranar biyan haya a karɓi rasit, a rubuta yarjejeniya ko da rabin takarda ce, da shaidu biyu, ɗaya daga ɓangarenku ɗaya daga na maigida. A rubuta ranar shiga da ranar cikar wa'adi, da wanda zai gyara rufi idan ya yi yoyo, da wanda zai biya kwasar masai, da yadda za a raba kuɗin wuta da sauran 'yan haya. Sunayenku duka su fito a takardar, kada a sa na mutum ɗaya. Ku kuma yi magana tsakaninku a kan wanda ya bar makaranta ko ya koma hostal a tsakiyar shekara: shi zai kawo madadinsa, kuma sai sauran sun amince da mutumin kafin ya shigo da katifarsa.